Tadabburi a Gidan Nabame na Argungu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda mulkinSa ba shi da farko balle ya tsufa, ba shi da ƙarshe balle a gaje shi. Wanda Ya yanka wa kowace daula wa'adinta, Ya yanka wa kowane rai ajalinsa, sannan saboda jinƙanSa ga bayi bai shafe sawun waɗanda suka shuɗe baki ɗaya ba, sai Ya rage mana kufai da ganuwa da takobi da kabari, domin mai ido ya gani, mai zuciya ya yi izina. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, daga cikin ni'imomin da ba mu cika gode musu ba akwai ni'imar tambaya game da abin da ya wuce. Akuya takan hau rusasshiyar katanga ta ci ciyawar da ta tsiro a kanta, ta sauko ba ta san wani ya taɓa kwana a bayan wannan katanga cikin tsoro ko cikin fata ba. Ɗan Adam kuwa, ko da yaro ne, da zarar ya ga kufai sai ya ja ya tsaya ya ce, "Su wa suka zauna a nan? Ina suka tafi?" Wannan tambaya Mahalicci ne Ya dasa ta a ƙirjinmu, kuma Alƙur'ani mai girma ya maimaita kira a surori da dama ga mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su nazarci makomar al'ummun da suka gabace su. Sai dai da yawa daga cikinmu mun ɗauka amsa wannan kira sai wanda ya je Masar ya ga dalar Fir'aunoni, ko wanda ya shiga manyan gidajen tarihi na Landan da Faris, alhali a ƙananan garuruwanmu akwai gidajen da tafiyar yini guda za ta kai mu ƙofarsu, kuma darasin da ke cikinsu ya fi kusa da mu, domin da harshenmu aka yi maganar da bangonsu ya saurara.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Gidan Nabame da ke Argungu. Garin yana bakin Gulbin Kabi, a jihar Kebbi ta yau, kimanin kilomita 100 kudu maso yamma da Sakkwato, kuma duniya ta san shi da bikin kamun kifi, har sunan bikin ya kusa rufe sauran falalarsa. Amma a cikin garin akwai tsohuwar fadar sarakunan Kabi, wadda mutanen gari suke kira da sunan Sarki Yakubu Nabame, a hukumance kuma ake kiranta Gidan Tarihi na Kanta. A nan sarakuna suka zauna har zuwa shekarar 1942, lokacin da aka koma sabuwar fada a zamanin mulkin Turawa. Gidan da aka tashi daga cikinsa galibi ƙaddararsa ɗaya ce: jemagu su gaje shi, damina ta cinye shi, maƙwabta su ɗebi ƙasarsa su yi gini. Wannan gida Allah Ya tsare shi daga haka, domin a 1958, saura shekara biyu Nijeriya ta karɓi mulkin kai, aka buɗe shi ga jama'a a matsayin ma'ajiyar kayan tarihi mai sassa 11. Ƙofar da a da talaka ba ya ƙetare ta sai da iso, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya faɗi ya yi gaisuwa, yau ɗan makarantar firamare yana shigarta da littafinsa a hannu.

Kafin mu kai ga abin da aka jera a cikin ɗakunan, ya kamata mu tsaya ga gidan kansa, domin shi ne kaya na farko kuma mafi girma da aka ajiye. Magabatanmu da ƙasa suka yi gini, ƙasar da daga gare ta aka halicci ubanmu Adamu, kuma sana'ar tana da ilimi mai zurfi wanda ba a rubuta shi a littafi ba, sai a hannun magina. Akan haƙo jar ƙasa mai danƙo, a jiƙa ta, a zuba mata ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta ruɓa ta yi kwanaki, a sake cakuɗawa, sannan a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai a shanya a rana. Bango yakan fara da kauri a ƙasa ya riƙa sirancewa yana hawa, ta yadda nauyinsa ne yake riƙe shi. Rufin kuwa da azara ake yinsa, wato tsagin itacen giginya, wanda Allah Ya hore masa tauri da ɗabi'ar da gara ba ta cika samun sa'arsa ba. Da yake azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazara ta yi faɗi, sai magina suka ƙago bakan gizo: su dasa azara a cikin bango hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, su ɗaure, su lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama su tallafi soro mai faɗin da sarki zai zauna da fadawansa. Daga ƙarshe a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, domin ruwa ya zame ya wuce, a sa indararo ya zubar da ruwan rufi nesa da gindin gini.

Amfanin wannan hikima jiki ne yake fara shaida shi kafin hankali. Wanda ya shigo daga zafin bazarar ƙasar Kabi, inda rana take dukan ƙeya tun hantsi, yakan ji sanyi ya tarbe shi a zaure ba tare da fanka ko na'ura ba. Dalili shi ne bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ba ya barinsa ya ratsa ciki sai bayan sa'o'i masu yawa, lokacin da dare ya yi, iska ta huce, ake kuma bukatar ɗumi. Haka ƙasa guda take zama inuwa da rana, ta zama bargo da dare a lokacin hunturu. Tsarki ya tabbata ga wanda Ya ajiye wa kowace al'umma kayan gininta a ƙarƙashin ƙafarta, gwargwadon yanayin da Ya zaunar da ita a ciki. Mu da muka gudu zuwa bulo da kwano, muna gasuwa da rana muna jiran a kawo wuta, ba mu da bakin raina masu tubali.

Sunan da hukuma ta ba gidan yana mayar da mu baya fiye da shekara 500. Muhammadu Kanta jarumi ne da ya taimaki Askiya Muhammadu na daular Songhai a yaƙinsa na ƙasar Agadas, sannan saɓani ya shiga tsakaninsu a kan rabon ganima, ya ɓalle wajen shekarar 1516, ya kafa daular Kabi mai cin gashin kanta. Abdurrahman Sa'adi, malamin Tumbutu, ya ambaci wannan tawaye a Tarikhus Sudan, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo labarin ƙarfin Kanta da biranensa a Infaƙul Maisuri. Shaidar da ta fito daga alƙalamin wanda gidansu ya yaƙi zuriyar Kanta kuwa shaida ce mai nauyi. Babban birninsa shi ne Surame, mai ganuwar duwatsu, wanda kufansa yake nan a jihar Sakkwato, aka kuma sanya shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964. Kabi ta tsaya tsakanin manyan dauloli biyu na zamaninta, Songhai ta yamma da Barno ta gabas, ba ta rusuna wa ko ɗaya ba. Daga baya, a farkon ƙarni na 18, aka bar Surame aka koma Birnin Kabi.

Sai zamanin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama, ya zo. A 1805 rundunar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranta ta ci Birnin Kabi, Sarki Muhammadu Fodi ya fita ya ci gaba da turjiya har aka kashe shi bayan kimanin shekara ashirin. Ɗan'uwansa Sama'ila, wanda aka fi sani da Karari, ya tattara Kabawa a Argungu, shi ma ya rasa ransa a 1831. A nan ne labarin mai wannan gida ya fara, kuma labari ne da ya cancanci a yi masa dogon nazari. An kama Yakubu Nabame ɗan Karari aka kai shi Sakkwato, Muhammadu Bello bai kashe shi ba, ya bar shi ya rayu a tsakaninsu shekaru masu yawa. A zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya sami komawa ƙasar iyayensa, a 1849 kuma ya ɗaga tutar Kabi a Argungu, Zabarmawa da Arawa da Dandawa suka mara masa baya. Tun daga ranar ba a sake cin Argungu da yaƙi ba har zuwan Turawa. An sami sararawa a zamanin Abdullahi Toga, wadda ake kira Lafiyar Toga, daga 1867 na tsawon kimanin shekara takwas, sannan wuta ta sake kamawa, musamman a zamanin Sama'ila ɗan Nabame, wanda ya hau a 1883 ya kuma yi mulki har 1915.

Wane ne zai iya tsara irin wannan al'amari in ba Mai juya zukata ba? Yaron da aka bari da rai saboda rahama shi ne ya tayar da gidan da aka zaci ya mutu, hannun da ya yi afuwa bai san abin da ke ƙunshe cikin afuwarsa ba, kuma ba za mu ce ya yi kuskure ba, domin afuwa ba ta zama kuskure saboda abin da gaibu ya ɓoye. Mu da muka zo bayan ƙura ta lafa, ba a ɗora mana alƙalanci tsakanin waɗannan bayin Allah ba. Sun tafi ga Ubangijin da Ya san niyyar kowa, mu kuma abin da ya wajaba a kanmu shi ne mu san labarin kamar yadda ya faru, ba tare da mun rage wa wani haƙƙinsa don mu ƙara wa namu ba. Har yau ana iya ganin tabon wancan zamani a taswira: Sarkin Gwandu, magajin Malam Abdullahi, a Birnin Kabi yake zaune, Sarkin Kabi kuma yana Argungu. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta zo ta raba ƙasashen Arawa da Dandawa biyu, ta bar Zabarma a ɓangaren Nijar, shi ya sa baƙon da ya zo daga Doso ko Dogon Dutsi idan ya shiga wannan gida tarihin kakanninsa ne yake kallo.

Mafi yawan abin da ido zai fara cin karo da shi a ɗakunan kayan yaƙi ne: masu da takubba, kwari da baka, da bindigogin gargajiya. Kowane ɗayansu ya taɓa zama tama a cikin tudu, wasu bayin Allah suka haƙo ta, suka narka ta da gawayi a cikin rahoniya dare da rana, maƙeri ya karɓa ya sa a wuta, yaronsa na zuga, shi yana duka a kan uwar maƙera har ƙarfe ya yi biyayya. Maƙerin da ya ƙera mashi shi ne ya ƙera fartanya da lauje, daga tama ɗaya, a wuta ɗaya, wataƙila ma a yini ɗaya. Ɗaya ya tafi fadama ya ciyar da gari, ɗaya ya tafi fagen fama ya bar marayu. Ba a banza aka sanya wa sura guda ta Alƙur'ani sunan ƙarfe ba, domin a cikinsa aka haɗa cutarwa da amfani, aka bar zaɓi ga hannun da ya riƙe shi.

Kibiya kuwa, duk da ƙanƙantarta, ita ce ta fi jan hankalinmu. Karan da bai kai kaurin yatsa ba, da ɗan ƙarfe a bakinsa, shi ne makamin dakarun ƙasa, kuma abin tsoro a jikinsa dafi ne. A da maharba da mayaƙan ƙasar Hausa sukan dafa 'ya'yan wani tsiro mai yaɗo da ake kira kwankwani, su shafa a bakin kibiya, idan ta shiga jini sai ta tsayar da bugun zuciya. A ƙarni na 19 likitocin Turai suka bincika dangin wannan tsiro, suka fitar da maganin da aka riƙa ba mai raunin zuciya domin ya ƙarfafa bugunta. Abu ɗaya ne, daga ƙwaya ɗaya, yana aiki a kan gaɓa ɗaya. Idan ya yi yawa ajali, idan aka auna shi waraka. Wanda Ya halicci kowane abu bisa gwargwado Shi ne Ya ɓoye rai da mutuwa a cikin kwanso guda, Ya bar ɗan Adam ya gano ɗayan tun da wuri, ya gano ɗayan bayan ƙarnoni. Ruwayar Kabawa ta ce Kanta da kansa, wanda ya gagari Askiya ya gagari Barno, kibiya ce ta yi sanadinsa a ƙasar Katsina yana kan hanyar dawowa daga yaƙi, aka ɗauko gawarsa zuwa gida. Duk wanda ya san wannan ruwaya ba zai wuce kwarin da aka rataye a bango da gaggawa ba.

Akwai kuma layu da sauran kayan tsari da mayaƙa suke ɗaurawa, kuma a nan wasu masu kishin addini sukan ɗaure fuska su ce me ya sa za a adana irin waɗannan. Muna girmama kishinsu, amma muna ganin ajiye su ya fi ƙona su amfani. Ba a jera su don a nemi tabarruki da su ba, kuma babu mai zuwa ya durƙusa musu. Suna nan ne a matsayin shaida a kan raunin ɗan Adam: jarumin da ake yi wa kirari, mai taurin da ake cewa ƙarfe ba ya cinsa, ashe a cikin rigarsa yana ɗauke da tsoron mutuwa, yana neman abin da zai tsaya tsakaninsa da ita. Layar tana nan, fatar da aka ɗinke ta da ita ta bushe ta tsage, mai ita kuwa ya daɗe da zama ƙasa. Wace huɗuba ce a kan tawakkali za ta fi wannan ratsa zuciya? Al'ummar da ta ɓoye abin da kakanninta suka yi ba za ta san nisan tafiyar da shiriya ta yi da ita ba, kuma wanda bai san nisan ba godiyarsa takan yi ƙaranci.

Tambura da ganguna su ma suna nan. A ƙasar Hausa tambari alamar sarauta ne, ba a kaɗa shi don nishaɗin kowa. Akan buga shi ranar naɗi, da jajibirin salla, da lokacin da aka ɗaura yaƙi, kuma sautinsa kan isa ƙauyuka ya tayar da manomi daga gona. Yau yara suna zagaya su ba sa jin ko ɗar.

Wuri mafi nauyi a gidan shi ne inda aka binne sarakuna. Wannan ne ya bambanta Gidan Nabame da ɗakunan nune-nune na manyan birane, inda kaya suke zaune nesa da masu su: a nan takobi yana ɗaki, hannun da ya riƙe irinsa yana kwance a harabar gida ɗaya. Ladabin Musulmi a irin wannan wuri sananne ne. Ya sassauta murya, ya yi sallama ga ma'abota kaburbura, ya roƙa musu gafara da rahama, ya tuna shi ma yana tafe, kuma kada ya roƙi kowa komai sai Allah. Waɗanda a jiya ake ce musu "ranka ya daɗe", ake busa musu kakaki, yau ba abin da suke bukata daga gare mu face "Allah Ya jiƙansu", addu'ar da ake yi wa masunci da maƙeri ba tare da bambanci ba. Likkafanin sarki da na bafadensa duk farin ƙyalle ne. Wanda ya tsaya a nan yana da wata 'yar sarauta a hannunsa, ko ta ofis ce ko ta gida, ya kamata ya fita yana sake lissafi.

Da labarin ya tsaya a kan yaƙi da kabari, da mai ziyara ya fita da ƙunci. Amma Allah Ya hukunta wa wannan gaba ƙarshe mai kyau. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar zumunci Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, lokacin da wannan gida yake fada mai rai, kuma don girmama baƙon aka shirya gagarumin su a gulbi. Kabawa sun daɗe da al'adunsu na ruwa tun kafin wannan rana, amma daga ita ne bikin ya ɗauki siffar da aka san shi da ita, ya zama tunawa da sulhu tsakanin gidaje biyu da suka yi kusan ƙarni guda suna zubar da jinin juna. Jikokin masu kwari da baka yanzu da gora da homa suke faɗawa gulbin Matan Fada, dubbai a lokaci guda, kowa yana neman giwan ruwa, wanda wani lokaci nauyinsa kan haura kilo 70. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun ɗan Adam da ya kamata a kiyaye. Kuma a cikin tsarin kansa akwai wata hikima da masana muhalli na yau suke wa'azi da ita: ana hana su a wannan yanki na gulbi a sauran watannin shekara, ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, domin kifi ya hayayyafa ya girma. Haƙurin watanni shi ne yake haifar da yalwar yini ɗaya. Wanda ya ga makaman da ke Gidan Nabame sannan ya gangara bakin gulbi zai fahimci abin da aka saya da wannan sulhu, zai kuma san cewa zaman lafiyar da muke ɗauka kamar iska ce kyauta, wasu ne suka haɗiye fushin gado kafin ta samu.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a nan falalar gidan tarihin ƙaramin gari take. Yaron da ya haddace shekarar 1849 don jarrabawa zai manta ta kafin hutu ya ƙare, amma wanda ya tsaya a cikin soron da aka yanke shawarar yaƙi da sulhu, ya ga kaurin bangon da idonsa, ya ji ƙamshin tsohuwar ƙasa, wannan ya sami abin da zai rataya shekarun a jikinsa. Ban da haka, kayan da ke nan ba a raba su da mutanensu ba. Dattijon da ke zaune a inuwar ƙofa yana iya kasancewa jikan wanda ya kaɗa tambarin, kuma idan aka gaishe shi da ladabi aka ce, "Baba, a ba mu labari," zai faɗi abin da babu shi a rubuce a jikin kowane allo: sunayen unguwanni da asalinsu, kirarin sarakuna, wace zuriya ce ke riƙe da wace sarauta. Takobin da aka kai wata ƙasa aka sa a gilashi ya tsira daga tsatsa, amma ya rasa masu ba da labarinsa. Ba muna cewa duk abin da dattijo ya faɗa tabbatacce ne ba. Ruwayar baka takan ƙara gishiri, takan haɗa sarki biyu su zama ɗaya, kuma kowane gari yakan fifita nasa. Aikin mai ilimi shi ne ya saurara da girmamawa, ya gwada da abin da aka rubuta, kamar yadda malamanmu suka koya mana tantance ruwaya tun daga ilimin isnadi.

Sai dai duk wannan amana ce, kuma amana tana da maƙiya masu haƙuri. Gara ba ta hutu, danshi yana cin fata da itace, tsatsa tana cin ƙarfe, kuma akwai dillalan da ke yawo ƙauyuka suna sayen kayan gado da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su fitar da su ƙasashen waje. Akwai kuma ɓarnar da ake yi da kyakkyawar niyya, wato lulluɓe tsohon bangon ƙasa da siminti: simintin yakan hana bango fitar da danshi, ruwa ya taru a bayansa, ƙasa ta ruɓe a ɓoye, wata rana ɓawon ya ɓanɓare ya faɗo da rabin bangon. Ginin ƙasa da ƙasa ake gyara shi, da hannun maginan da suka gaji sana'ar, kuma su ma raguwa suke yi. Sanin tarihi a zukatan al'umma tamkar ginin ƙasa yake, wanda ba a gama shi sau ɗaya a huta: idan kowane zamani bai yi masa nasa yaɓen ba, damina kaɗan sun isa su mayar da shi tudu.

Saboda haka kiranmu ga malaman makarantu, na boko da na Islamiyya da na allo, su sanya ziyarar irin waɗannan gidaje cikin karatun ɗalibansu, su kuma shirya su tun kafin tafiya domin su je da tambayoyi a bakinsu. Masu hali daga 'ya'yan gari su tuna cewa gyaran rufin da ke yoyo a kan kayan kakanninsu bai kai kuɗin walimar aure guda ba. Wanda yake da tsohon takobi ko rubutun hannu na ajami ko wasiƙar wani sarki a cikin adakar gidansu, kada ya sayar wa baƙon da bai san inda zai kai shi ba; ya nemi masu kula da gidan tarihi mafi kusa da shi a rubuta, a ɗauki hoto, ko da zai ci gaba da riƙe kayansa. Matasa masu waya a hannu su zauna gaban dattawa su naɗi muryoyinsu tun suna da ƙarfin magana. Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, idan Allah Ya kai ka Argungu, ko don biki ko don fatauci, ka ware wa Gidan Nabame sa'a biyu kafin ka gangara gulbi, ka tafi da 'ya'yanka, ka yi wa mamatan da ke ciki addu'a. In kuwa Argungu ta yi maka nisa, ka tambayi dattawan garinku inda tsohuwar fada take da abin da ya rage a cikinta, ka je ka gani tun kafin damina mai zuwa.